TARIHIN SARKIN MUSULMI MUHAMMADU BELLO DA ZAMAN ƘASAR GOBIR

Wannan taƙaitaccen labari ne na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya ji ƙansu. An rubuta shi domin ma'aikatan ƙasar nan tamu ta gabashin Sakkwato, hakimai da dagatai da alƙalai da malaman ofis, waɗanda ke riƙe da jama'a tun daga Isa da Tozai har Sabon Birni. Labarin Bello yana da yawa, ba ya ƙarewa cikin 'yan takardu kaɗan. Sabo da haka ba za mu bi shi duka ba, sai wajen da ya shafe mu, watau yadda ya tarad da ƙasar nan kabila kabila, kowa da takobi a hannu, da dabarun da ya bi don ya zaunad da su wuri guda, da abin da ya samu, da kuma abin da ya gagare shi.

Ƙasar da ya tarar

Kafin a san aikin mutum sai a san ƙasar da ya yi aikin a cikinta. Gobirawa asalinsu mutanen arewa ne, sun zauna Azbin, Azbinawa suka matso su, suka yi ta gangarowa kudu har suka zauna Birnin Lalle. Daga baya suka shigo ƙasar Zamfara da sunan baƙunci. Wajen 1760 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara da yaƙi, ya kafa Alkalawa a bakin Gulbin Rima, inda kufanta ya ke kusa da Sabon Birni. An ce filin gonakin Alƙalin Zamfara ne, shi ya sa garin ya sami wannan suna.

To, ka ga ƙasa guda, amma masu ita da yawa. Ga Gobirawa masu sarauta, ga Zamfarawa da aka ƙwace wa gari suna jin haushi. Ga Filani makiyaya suna bin fadamun Rima da Bunsuru da Gagare da shanunsu, suna biyan jangali. Ga Toronkawa malamai a ƙauyukansu na karatu. Ga Azbinawa na saukowa kowace shekara da raƙuma da gishiri, su koma da hatsi da tufafi. Ga kuma Adarawa da Kabawa da fataken Katsina. Kasuwa ta haɗa su, amma ban da ita ba abin da ya ɗaure su sai tsoron Sarkin Gobir.

Ƙuruciyarsa

An haifi Bello cikin 1781, sunan mahaifiyarsa Hauwa'u. Ya tashi a Degel cikin jama'ar ubansa. Ya yi karatu wajen Shehu, da wajen baffansa Abdullahi ɗan Fodiyo, da wajen wansa Muhammadu Sa'ad, har ya ƙware a Larabci da fiƙihu da tafsiri tun yana saurayi. Degel kuwa a zamanin nan gari ne na baƙi. Almajirai na zuwa daga ƙasashen Hausa, da Barno, da Azbin, Shehu na yi wa kowa wa'azi da harshen da ya ke ji, Filatanci ko Hausa. Cikin irin wannan taro Bello ya buɗe ido.

Yana yaro ƙarami sa'ad da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami ran salla, ya yi musu kyauta mai yawa. Shehu ya ƙi karɓar tasa, ya roƙi a bar shi ya yi wa'azi, a rage wa talakawa haraji, a saki waɗanda ke kurkuku. Bawa ya yarda. Amma bayan Bawa al'amari ya canja. Nafata ya hana rawani da lulluɓi, ya hana kowa wa'azi sai Shehu kaɗai. Da Yunfa ya hau, rundunarsa ta faɗa wa jama'ar Malam Abdussalami a Gimbana, ta kamo su bayi. Daga nan zama ya ƙare. Cikin watan Fabrairu 1804 Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, Bello na da shekara 23.

Shekarun jihadi

Akwai abin da ya kamata ma'aikaci ya lura da shi a nan, don mutane da yawa suna ɗaukar yaƙin nan tamkar faɗa ne tsakanin Filani da Hausawa kurum. Ba haka ya ke ba. Abdussalami da rikicin ya tashi a kansa Ba'are ne. Agali, wanda ya kawo raƙuma aka ɗauki littattafan Shehu ran hijira, Ba'azbine ne. A Tabkin Kwatto kuwa, cikin Yuni 1804, inda jama'a ta fara karya rundunar Yunfa, akwai Azbinawa da waɗansu Filani cikin mayaƙan Gobir, akwai Hausawa cikin na Shehu. Kowace kabila ta rabu biyu, wani na nan, ɗan'uwansa na can.

Nasara ba ta zo da sauƙi ba. A ƙarshen shekarar nan, a Tsuntsuwa kusa da Alkalawa, Gobirawa da Azbinawa suka yi wa jama'a mummunar ɓarna, an ce mutum wajen 2,000 suka rasu, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani wajen 200. Yunwa ta kora jama'a zuwa Zamfara cikin 1805. Zamfarawa da fari sun karɓe su da murna, don maƙiyinsu ɗaya. Amma da mayaƙa suka shiga ɗibar abincin mutane, sai zumunta ta ɓaci, Zamfarawa da yawa suka juya baya. Bello ya ga wannan da idonsa, ya gane aboki ma yana zama maƙiyi in an taɓa masa rumbu.

Cikin Oktoba 1808 Bello ya ja runduna, tare da Aliyu Jeɗo, da Namoda shugaban Filanin Alibawa na Zamfara, da Umaru Dallaji na Katsina, suka kewaye Alkalawa suka ci ta. Yunfa ya mutu yana faɗa, shi da jarumawansa. Wannan rana ita ce ƙarshen Alkalawa, ba ta sake zama birni ba. Cikin 1809 Bello ya kafa Sakkwato. Cikin 1812 Shehu ya raba riƙon ƙasa, ya ba Abdullahi yamma, ya ba Bello gabas. A shekarar nan kuma Bello ya gama littafinsa Infakul Maisuri, wanda ya tara tarihin ƙasashen nan da na jihadi a ciki, har da takardun gardamar da suka yi da Shehu Laminu na Barno a kan halaccin yaƙin. Ya rubuta hujjar abokin gardamarsa ya kuma rubuta tasa, don mai karatu ya ji duka biyu.

Hawansa sarauta

Shehu ya rasu a Sakkwato cikin Afrilu 1817, aka yi wa Bello mubaya'a. Bai ko zauna da kyau ba sai ƙasa ta motsa. Zamfarawa da Kabawa da Gobirawa suka ɗaga kai. Abin da ya fi zafi shi ne tawayen Abdussalami a Kware, mutumin da ke cikin manyan almajiran Shehu na farko. Kukansa shi ne rabon da aka ba shi bai kai wahalar da ya sha ba, ga kuma zaluncin da ya ce yana gani wajen waɗansu masu riƙo. Suka yi ta musayar takardu da Bello, abin bai gyaru ba. Farkon 1818 aka ci Kware, Abdussalami ya fita da rauni, ya rasu a Bakura. Bello ya rubuta labarin abin da ya gudana tsakaninsu cikin littafi, bai ɓoye ƙarar da aka kawo a kansa ba. Darasin da ke ciki a fili ya ke: wanda ya ga an ware shi wajen rabo, ko addini ɗaya ne, ba ya daɗewa bai fita ba.

Tsakaninsa da baffansa Abdullahi ma an yi 'yan shekaru da sanyin zumunci sabo da zancen gado. Sai da 'yan tawaye suka ƙuntata wa Abdullahi a Kalambaina, Bello ya tafi da runduna ya taimake shi. Bayan nasara suka gamu, Abdullahi ya yi masa mubaya'a, Bello ya bar masa Gwandu da ƙasashenta. Da wannan gidan Shehu ya koma baki ɗaya.

Gobirawa kuwa ba su ajiye makami ba. Da Alkalawa ta faɗi suka yi ta sake mazauni, wani lokaci su yi amana, wani lokaci su warware. Wani Bature ɗan Ingila, Kyaftin Kilafatan, wanda ya zo Sakkwato cikin 1824 ya kuma komo cikin 1826, ya tarad da Bello a sansani yana kewaye da Konya, birnin Gobirawa na lokacin. Ya ga an wuni ana faɗa, garin bai ciwu ba, runduna ta janye. Ya kuma ba da labarin wata tsohuwa Bazamfara, baiwar Sarkin Musulmi, da ta wuni tana ratsa fagen fama da goruna tana shayad da masu rauni. Wannan Bature ya rasu a Sakkwato cikin Afrilu 1827. An ƙidaya wa Bello yaƙi 47 cikin sarautarsa, da yawansu a Gobir da Zamfara da Kabi. Yawan nan kansa shaida ne cewa takobi na kwantad da ƙura ne na shekara guda, baɗi ta sake tashi.

Dabarar ribaɗi

Da Bello ya ga haka sai ya ƙara da wata hanya, ita ce kafa ribaɗi. Ribaɗi gari ne mai ganuwa a bakin iyaka, inda mayaƙa ke zaune da iyalinsu suna tsaro suna noma. Shi da kansa ya bar jin daɗin Sakkwato ya gina Wurno a bakin Rima, ta fuskar Gobir, ya mai da ita mazauninsa. Ya sa 'ya'yansa da 'yan'uwansa su riƙe waɗansu: Aliyu Babba a Shinaka, Atiku ƙanensa a Bakura. Kowane ribaɗi a kan yi masa masallaci, a naɗa liman da alƙali, a sa malamin da zai koya wa yara karatu, a kawo maƙera da masaƙa da marina da majema, a buɗe kasuwa.

Babban nufinsa shi ne Filani makiyaya su zauna gari. Ya yi ta jan hankalinsu su rage yawo da shanu, su riƙe dawaki da raƙuma da awaki da tumaki, su yi gona, 'ya'yansu su yi karatu. Ya ba su fili da mashaya. Har ya rubuta wa Muhammadu Jailani, shugaban waɗansu Azbinawa, takarda a kan amfanin zaunad da mutanen daji cikin gari. A ganinsa mutumin da ba shi da maƙwabci ba shi da alƙali, wanda kuwa ba shi da alƙali da hannunsa ya ke ɗaukar hakkinsa. Cikin garuruwan nan Bafilace da Bagobiri da Bazamfare da Buzu suka sha rijiya ɗaya, suka yi sahu ɗaya, suka yi auratayya, Hausa ta zama harshen da kowa ke ji. Amma kada a ɓoye gaskiya, da yawa cikin waɗanda suka cika garuruwan nan ba da son ransu suka zo ba, kamammun yaƙi ne da aka raba da gidajensu. Zaman da aka samu daga baya an biya shi da hawayen mutane masu yawa.

Gidan Bello kansa ya zama misalin wannan gauraya. Bayan cin Alkalawa, Katambale matar Yunfa ta shiga gidansa, ta haifa masa 'ya'ya, cikinsu har da Fodiyo. Ƙanwarsa Nana Asma'u, matar Waziri Giɗaɗo, ta yi ta mai da karatu cikin waƙen Hausa domin matan ƙauye da kuyangi waɗanda ba su jin Larabci ko Filatanci. Da ta kafa 'yan taru, sai ta riƙa naɗa wa jajinsu malfa, irin wadda Innar Gobir ke sawa, don matan ƙasar su ga alamar shugabancin da suka saba da ita. Haka kuma sunayen sarautun ƙasa ba a kashe su ba. Sarkin Gobir, da Sarkin Zamfara, da Sarkin Kabi, da Sarkin Adar duk suka wanzu, ko da ya ke sau da yawa rawanin ya koma wani gida.

Wajen shari'a kuwa, ku 'yan'uwana ma'aikatan kotu, nan ne abin koyinmu ya ke. Masu tarihin zamaninsa sun ce ya kan bincika hukuncin alƙalai, in ya tarar an bi son rai ya warware shi. Sun ce ba ya ci daga baitulmali, sai daga abin da hannunsa ya samo. Ya rubuta wa Umaru Dallaji Sarkin Katsina littafin Usulus Siyasa, inda ya nuna masa wajibin mai mulki ne ya nemi masu sana'a ya zaunad da su ko'ina cikin ƙasarsa, ya gyara ganuwa da kasuwa da hanya, ya yi sauƙin hali ga talakawa. Ya yi rubutu har a kan magani, kamar na ciwon ido da na basur. Dalilin tsananinsa a kan alƙalai ba boyayye ba ne. Inda kabilu suka cakuɗa, ran da aka ce alƙali na duban tsagen fuskar mai ƙara kafin ya dubi hujjarsa, ran nan gari ya watse.

Gawakuke da rasuwarsa

Duk da wannan, yaƙi mafi girma na nan gaba. Sarkin Gobir Ali ya haɗa kai da Rauda Sarkin Katsina na Maraɗi, da Ibra shugaban waɗansu Azbinawa. Cikin 1836, da bazara, Bello ya tara rundunar sarakunan gabas, ya ratsa daji marar ruwa ya tarad da su a Gawakuke, arewa da nan. Cikin rundunarsa har da Alhaji Umaru Futi, malamin nan na ƙasar Futa wanda ya zauna Sakkwato shekaru ya auri 'yar Bello. Aka yi faɗa mai tsanani, aka kashe Ali da Rauda, Ibra ya tsere, mutane masu yawan gaske suka hallaka. Bayan yaƙi Bello ya ɗora ɗansa Fodiyo a ribaɗin Lajinge, don Gobirawa su ga ɗan 'yarsu ne ke riƙe da su.

Amma ko Gawakuke ba ta gama zancen ba. Sauran Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya suka bi Mayaƙi, suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, suka ci gaba da kawo hari. Bello bai ga ƙarshen abin ba. Ciwo ya kama shi a Wurno, ya gargaɗi 'ya'yansa kada su yi jayayya a kan gado, su bi wanda jama'a ta zaɓa. Ya rasu cikin Oktoba 1837 bayan shekara 20 bisa sarauta, aka rufe shi a Wurno. Ƙanensa Abubakar Atiku ya gaje shi.

Abin da ya tsiro bayansa

Iri da Bello ya shuka a ƙasar nan bayansa ya yi tsiro. Isa, wadda Tozai ke ƙarƙashinta, ta zama babban ribaɗin gabas a hannun gidansa. Ɗansa Aliyu Ƙarami ya riƙe ta kafin ya zama Sarkin Musulmi cikin 1866, mai riƙe da ita kuwa Sarkin Gobir a ke ce masa. Wajen 1860 kuma, zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku, wani ɗan sarkin Gobir, Ɗan Halima, ya saɓa da 'yan'uwansa na Tsibiri, ya nemi amana da Sakkwato. Aka karɓe shi, aka bar shi ya gina Sabon Birni kusa da kufan Alkalawa, ya riƙe mutanensa da sarautar kakanninsa. Amanar nan ta sha tangaɗi, amma garin ya tsaya. Abin da yaƙi 47 bai kawo ba, ga shi yarjejeniya ta kawo: Gobirawa sun komo bakin Rima da rawaninsu. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce zama lafiya ya fi zama ɗan sarki. Shi ya sa ƙasar nan ta sami Sarkin Gobir biyu maƙwabtan juna, na Isa jinin Bello, na Sabon Birni jinin sarakunan Alkalawa.

Turawan Ingila suka ci Sakkwato cikin Maris 1903. Da su da Faransa suka ja iyaka, Tsibiri da Maraɗi suka faɗa wancan gefe, Sabon Birni da Isa suka faɗa wannan, aka raba Gobir biyu, amma ba a raba zumunta da aure da kasuwa ba. Turawa sun tarad da ƙasashe masu nisa, tun daga Ilori har Adamawa, sun riga sun saba da shari'a ɗaya da musayar takardu da Sakkwato da Gwandu, a kan wannan suka gina mulkin En'e, wanda ya wanzu har 1976 da aka mai da shi ƙananan hukumomi. Aka gama Kudu da Arewa cikin 1914, Nijeriya ta sami mulkin kai cikin 1960, Firimiyan Jihar Arewa a lokacin kuwa, Sardauna Ahmadu Bello, tattaɓa kunnen Bello ne ta wajen Atiku na Raɓa. Nijeriya ƙasa ce mai harsuna ɗaruruwa, matsalarta ita ce wadda Bello ya fuskanta a bakin Rima, sai dai ta fi faɗi. Magabata kuwa sun bar mana hanyoyin sassauta ta, har da wasan taubasai, wanda ya sa Bagobiri ya gamu da Bayarabe a Ikko ko Ibadan su fara da zolaya kafin ciniki.

Ba wanda ke zaune tsakanin Isa da Sabon Birni da zai ce aikin nan ya ƙare. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka, sun hana noma, sun tare hanyoyi, har cikin Agusta 2024 Sarkin Gobir na Gatawa ya rasa ransa a hannun waɗanda suka sace shi. Cikin irin wannan baƙin ciki, abu mai sauƙi ne a ɗora laifin ɓarayi a kan kabila duka, a manta maƙwabtakar shekara 200. Mai laifi a kama shi da sunansa, a hukunta shi da laifinsa. Amma burtali da mashaya da iyakar gona, da ƙarar da makiyayi ko manomi ya kawo ya ga an saurare shi ba a nemi kome a hannunsa ba, waɗannan a hannunmu su ke, mu masu riƙe da littafi da hatimi. Nan Bello ya sa ƙarfinsa bayan ya gwada takobi, nan kuma ya kamata mu sa namu.

Allah ya ji ƙan Sarkin Musulmi Bello, ya ji ƙan magabatanmu na kowane gefe waɗanda suka kwanta a Alkalawa da Tsuntsuwa da Gawakuke, ya zaunad da ƙasarmu lafiya. Amin.